Idon Baba, Kunnen Na'ima

Karaye, ran Litinin

Yaya Munawwara,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya. Ya maigidan da yara, ya mutanen Beli, ya damina?

Yaya, ina cikin damuwa. Kin san kamfanin nan na Kano da nake gwada wa shafukan intanet daga gida, kwamfuta tana karanta min rubutu, ni kuma ina nuna musu inda makaho zai maƙale. To, yanzu shafin neman ganin likita suka gina. Ana so a tabbatar wanda ba ya iya riƙe maus, linzamin kwamfuta, sai dai ya riƙa matsa maɓallin Tab, zai ga layi ya zagaye inda ya tsaya. Ni kuwa ji nake yi, ba gani ba. Shugabarmu Hajiya Baraka ta ce a ba wani. Na roƙa a bar min zuwa Juma'a, alhali wallahi ban san ta inda zan ɓullo ba. Tsorona, in aka fara ɗauke min aiki ɗaya, sauran ma bi za su yi.

Baba yana nan yadda kika bar shi. Hannun daman bai motsa ba, magana ma sai an ja shi.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Na'ima


Karaye, ran Asabar

Yaya Munawwara,

Assalamu alaikum. Ya jikin ɗanki Uwais, zazzaɓin ya sauka?

Albishirinki! Ran Talata ina ta matsa Tab a tsakar gida, sai Baba ya ce ƙarar ta tuna masa tafiretarsa ta ofishin hakimi. Na matsa kusa da tabarmarsa, na ce, "Baba, ara min idonka."

Ni na matsa Tab, kwamfuta ta faɗi inda muke, shi kuma ya ce ya ga layin ko bai gani ba. Da muka kai wajen zaɓen rana, ta ce "Laraba", Baba ya ce, "Ke, ba komai a nan, fari fat!" A kan "Aika" kuwa ya ce layin ya yi siriri har sai da ya kanga hannu a goshi. Duk na tura musu, suka gyara.

Jiya Hajiya Baraka ta kira mu ta bidiyo, na miƙa wa Baba kibod ɗin, wato allon maɓallan. Da hannun hagu, shi kaɗai, ya bi shafin tun daga sama, ya zaɓi rana, ya aika. Ban ga fuskarsa ba, Yaya, amma na ji dariyarsa, wadda rabona da ita tun kafin ya kwanta. Inna ta bar tukunya ta fito da gudu.

Hajiya ta ce daga yanzu irin wannan gwajin namu ne, mu biyu. Yau da safe shi ya ƙwanƙwasa min ƙofa da sandarsa, wai ma'aikaci ba ya makara. Sai da na tuna masa Asabar ce.

Ki gaida kowa da kowa.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Na'ima