Shanunmu Sun Ƙi Cin Ciyawar Madam

Anti Saudatu, don Allah ki taimake ni, kuma kar ki sa sunana.

Shekarata goma sha huɗu, bara na gama firamare. Rugarmu tana bayan Kurudu, kusa da wani fili da aka killace domin tsuntsaye. Madam Christina, mai kula da wurin, ta ba mahaifina, Baffa Modibbo, izinin shigar da shanunmu tara su yi kiwo. Ta ce akwai tsuntsayen da ba sa ƙwai sai a gajeriyar ciyawa, kuma wai shanu sun fi inji iya aski. Ni nake kai su, don ƙafar Baffa tana ciwo.

Ranar farko wasu masu manyan motoci suka zo kallo daga Gwarinpa. Maiturare, babbar saniyarmu, ta kafa kai tana ci, yawu na dalala, su kuma sai hoto suke ɗauka suna dariya. Anti, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mu a gidanmu ko ruwa ba a sha a gaban baƙo. Na ce shi ke nan, duk Abuja za a ce Modibbo ba ya ciyar da shanunsa.

Tun daga ranar, kullum da safe sai in ɗebi dusa da harawar da Baffa ya ajiye don rani in cika musu ciki. In mun je sai su kwanta a inuwa cikin mutunci, ko kallon ciyawar ba sa yi.

Yanzu ciyawa ta kai min ƙugu, tsuntsayen sun koma filin ƙwallo. Madam tana auna ciyawa da rula tana girgiza kai. Ta ce in ba ta ragu ba zuwa ƙarshen wata, shanun Surajo maƙwabcinmu za ta ba wurin. Baffa ya ce baki ne ya kama shanunmu, sau uku yana musu hayaƙi. Dusar kuma ɓeraye yake zargi, har ya aro kyanwa. Yaya zan yi?

Mai Kunya, Kurudu

Ɗiyata,

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, amma ban raina ki ba. Mutuncin mahaifinki kika so karewa, kuma wannan tarbiyya ce. Sai dai kunyar cin abinci taki ce, ba ta Maiturare ba. Ita aiki aka ɗauke ta, aikin kuwa ci ne. Masu hoton nan ma ba yunwa suka gani ba, yawancinsu ba su taɓa haɗuwa da saniya ba sai a faranti.

Madam kuma ba ta zalunce ku ba. Tsuntsaye aka ba ta amana, kuma ba za su jira kunyarki ba.

Daga gobe ki rufe buhun dusa, ki kai shanun da yunwarsu. Ki faɗa wa Baffa gaskiya, in bakinki ya yi nauyi ki bi ta wurin Inna. Zai yi faɗa, amma faɗan yini ɗaya ya fi rasa wurin kiwo sauƙi. Ku je tare ku roƙi Madam ƙarin mako biyu. In baƙi sun zo, ki juya baya ki yi kunyar a madadin ku duka, Maiturare kuma ta ci.

Allah ya ba Baffa lafiya, ya dawo da tsuntsaye. A mayar wa mutane kyanwarsu.

Anti Saudatu