Matan Kazija

Pemba

Zuwa ga Yaya Mboja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya zaman Unguja, ya 'yarki mai jego, ya 'yan tagwayenmu? Allah ya raya su.

Yaya, albishirinki! Aikin kwashe shara a bakin teku da kika bar mini amana bai mutu ba. Kin san ni ba na iya aiki baki a rufe. Sai na fara zuwa da tulun shayin citta da fanken mandazi, muna tsintar leda da robobi muna waƙa. Kafin ki ce me, mu 'yan tsirarun nan mun zama rabin gari. Har masunta suna zuwa da buhunansu. Ranar Juma'a liman ya ambaci sunana, ya sa mini albarka. Yanzu yara "matan Kazija" suke kiranmu, abin dariya.

Ki gaishe da mutanen gidan.

Ƙanwarki,
Kazija

Unguja

Kazija,

Wa alaikumus salam. Tagwaye lafiya lau, ba sa barin kowa ya runtsa.

Na ga takardarki. Matan Kazija! Sannu, uwar teku. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shekara nawa na yi ina sunkuye a yashin nan ni kaɗai, ana ce mini mahaukaciyar leda? Ranar da fasasshiyar kwalba ta tsaga mini diddige, limamin nan ta gabana ya wuce da lemarsa, ko sannu. Yau shi ne mai sa albarka.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake yi, har abinci ya ƙi shiga. Kuma kada kanki ya kumbura, shayi suke bi. Ɗauke tulun nan ki gani ko kare zai taka miki baya.

Na bar ki lafiya.

Mboja

Pemba

Yaya,

Salamu alaikum, ina gaisuwa.

Haba Yaya, daga ba ki labari? Ni na zaci har guɗa za ki yi. To, na bi maganarki, Asabar ɗin da ta wuce ban kai ko ruwan zafi ba. Sun zo, wallahi. Har sun fi na da yawa, don malamin makaranta ma ya zo da matarsa. Kada ki ce tsokanarki nake yi, ke kika ce a gwada.

Yaushe za ki dawo? An yi arba'in tun tuni, mai jego ta miƙe. Ko daɗin birni ne ya riƙe ki?

Taki,
Kazija

Unguja

Kazija,

Bayan gaisuwa. Madalla, Allah ya ƙara miki jama'a.

Ba zan dawo ba. Surukina ya gyara mini ɗaki a nan, kuma jariran nan aƙalla sun san hannuna. Manjagarata da safar hannuna suna bayan ƙofa, ki ba wanda kika ga dama. In dawo in yi me? In tsaya kamar baƙuwa ina kallon yashi fes, ana nuna mini yadda ake riƙe buhu? Gara in zauna inda ake nemana. Na yi kuka da nake rubuta wannan, ki ji daɗi.

Wassalam.

Mboja

Pemba

Yaya Mboja,

Salamu alaikum. Yau ba doguwar gaisuwa, raina a ɓace yake.

Fes a ina? Tun da kika tafi, daga karkatacciyar kwakwar nan zuwa bakin duwatsu, wurin da kika saba kwashewa, ba wanda ya sa hannu. Ni na hana. Na ce nan na Yaya ne, sai ta dawo. Kowace Asabar mukan share dama da hagu mu tsallake shi. Iskar kusi mai tasowa daga kudu ta jibge mana duniya a can: silifas wari-wari, tsummokaran raga, kunzugun jarirai, mataccen kifi cikin leda. Wari ya hana mata shanya ciyawar teku a kusa. Bi Mtumwa maƙwabciyarki ta daina yi mini magana, ta ce da ni da ke duk taɓaɓɓu ne. Shekaranjiya akuyarki ta haɗiyi leda a wurin, da ƙyar ta sha.

Zagin gari nake sha saboda ke, ke kuma kina can kina raba gadon manjagara.

To ga inda aka tsaya. Masunta sun ce Asabar mai zuwa za su shiga su kwashe, ko ina so ko ba na so. Ni kuwa na gaji da tsayawa a gabansu. In kin ce ba za ki zo ba, ki aiko da kalma ɗaya in matsa musu.

Ƙanwarki duk da haka,
Kazija

Unguja

Kazija,

Salam.

Masunta? Waɗanda ke tura leda cikin yashi da ƙafa su ce sun share? Wanda ya ɗauki ko murfin kwalba a wurin nan, ni da shi ne. Ki ci gaba da tsayawa.

Ina tafe a jirgin ruwan Alhamis.

Yayarki,
Mboja