Zaren Gilas a Mangazar Malam Nu'uman

Bromakoté, Adjamé, Abijan

Zuwa ga Yaya Rakiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da yara da duk mutanen gida a Katsina. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan. Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya sa mu gaba, har gbaka, ƙaramar bas ɗin hayarmu ta nan, ta fi tsayawa a hanya fiye da tafiya.

Yaya, saura kaɗan mu rasa mangazar atamfa ta maigidana Malam, wato shagonsa da ke Treichville, wadda da ita muke ci muke sha. Bim ɗin kankaren da ke ɗauke da benen ya tsage, mai ginin ya ce in har tsagin yana buɗewa, kowa ya kwashe kayansa. Da ya ɗauko masu awo, sai ga 'yarki Firdausi ta wajena a cikinsu, da hular kwano, tana ba maza umarni da Faransanci. Ta manna wani zaren gilas, siriri kamar gashi, a jikin bim ɗin. Ta ce min akwai wasu 'yan layuka da aka zana a cikinsa, in an tura haske sai su dawo da launi guda, kuma in kankaren ya miƙe ko kaɗan, launin sai ya gusa. Na gyaɗa kai kamar na gane.

To, kullum bayan la'asar sai launin ya gusa. Shugabanta ya ce alamar ba ta da kyau. Malam ya daina cin abinci, ya bi ya rame, ni kuma wallahi tsoro ya kama ni, don ban san inda za mu dosa da shekarunmu ba. Firdausi ce ta ce a dakata, wai zaren nan ba ya bambance miƙewa da zafi. Ta rataya wani a gefensa ba tare da ta manna shi ba, don ya ji zafi kawai. Da la'asar ta yi, duka biyun suka gusa tare, ashe zafi ne.

Ta je da kanta ta duba. Me za ta gani? Ubanta ne, Malam, da abokansa 'yan majalisar shayi. Ruwa ya kore su daga bakin titi, suka shigo da murhun gawayinsu suka ɗora a kan kantar mangazar, daidai ƙarƙashin zaren, suna fifita wuta suna addu'ar Allah ya tsare ginin! Na yi dariya har da hawaye, kuma har yau ban bar shi ya huta ba.

An fitar da murhu, an ci gaba da awo, tsagin bai motsa ba. Gyara kawai za a yi, ba mai tashi. Ranar da aka faɗa mana, Malam ya dafa shayi a waje, kuma kin san kofin farko na babban majalisa ne. Sai ya wuce dattawan nan duka, ya miƙa wa Firdausi da hannu biyu. Ta durƙusa ta karɓa, ni kuwa na juya baya don kada su ga idona.

Ki gaida min Mero da Abdulbaqi da Kawu Sa'ad. Malam yana gaisuwa, Firdausi ma ta ce a sa ta a addu'a. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙanwarki,
Iklima