Wutar Gafiya da Harawar Baba Ilu

Daren Talata, bayan girbi, 1974

Shekaranjiya na sa wuta a bakin gonata don in kori gafiya. Iska ta kwashe ta, ta cinye harawar maƙwabcina Baba Ilu ƙurmus. Har garin Safo an ga hayaƙin.

Yau na je yi masa jaje. Wani ya ce ya ji a rediyo an harba tauraron ɗan adam mai bin sawun hayaƙi har inda ya taso. Baba Ilu ya ce, "Allah ya tona asirin mai wutar nan." Na fi kowa ɗaga murya wajen cewa amin.

Ina ta kallon sama har gida. Can na tarar matata Hadiza ta wanke rigata mai ƙauri, ta shanya a cikin ɗaki, ba tsakar gida ba. Da zagina ta yi, da na samu barci.