Kujerar Da Ban Saya Wa Ƙiriniya Ba

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar yayar da ta daɗe ba ta ja kunnenki ba, da fatan takardar nan za ta same ku lafiya ke da Baban Ƙiriniya. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a aikin asibitin nan da ya hana ki zama. Mu nan ƙalau muke. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana dogara sanda ta fita bakin ƙofa tana yi wa masu wucewa tambayar da ba ta shafe ta ba. Maigidana kuwa tun da ya ajiye koyarwa ya koma gyaran duk abin da bai lalace ba. Makon jiya fankar falo ce ta faɗa hannunsa, yanzu sai an tura ta da tsintsiya take juyawa. Shagon ɗinki alhamdu lillahi, aiki bai yanke ba. 'Yarki ta ƙara haƙora biyu, ta kuma koyi cewa a'a, tana raba wa kowa ita kyauta tun daga safe.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda alhali kusan kullum muna waya. Dalilin shi ne, da zarar kin kira, yarinyar nan take fizge wayar daga hannuna ta shiga sumbatar gilashin tana kiran Mami, ni kuma in koma gefe ina riƙe mata caja. Maganar da ke cikina ba ta faɗuwa a haka. In na ce zan faɗa da baki ma muryata za ta tona ni, ke kuma ki fara ba ni haƙuri, ni kuwa ba haƙuri nake nema ba.

Ranar da kika ce takardun Ƙiriniya sun fito na taya ki murna, kuma da gaske na yi, Allah shaida ne. Wata goma sha biyar ke nan da kika miƙo min ita a filin jirgi tana da wata takwas, kina kuka kina cewa wata uku ne kawai. Babu uwar da ta cancanci wannan jira. Sai kika ce in kawo ta kafin sha tara ga watan gobe, ranar da za ta cika shekara biyu, domin kina so ranar ta same ta a gabanki. Kika ƙara da cewa in saya mata kujerarta ita kaɗai a jirgi, a gefen taga, wai don kada in gaji. Auta, wannan kalmar ta tsaya min a wuya har yau. Ni da na yi zaryar asibiti da ita lokacin ƙyanda, ni da nake taka keken ɗinki da ƙafa ɗaya tana barci a kan ɗayar, ni ce awa bakwai za ta gajiyar? Na ce miki to, na ajiye wayar, na yanka hannun rigar wata mata a karkace.

Ranar Talata na je ofishin masu tikiti, wanda ke saman kantin magani, da yarinyar a hannu. Wata baiwar Allah mai tabarau ce ta karɓe mu, mai haƙuri ƙwarai, domin kafin mu zauna Ƙiriniya ta riga ta cire fiffiken ɗan jirgin roba da ke kan teburinta. Ta juyo min da kwamfutar ta yi min bayani dalla-dalla. Ta ce tikitin hawa uku ne. Mai arha ba a ba ka akwati ko ɗaya, ba ka zaɓen wurin zama, kuma in ka fasa ranar ya tafi ke nan. Ta ce kada in kuskura in ɗauke shi da ƙaramar yarinya, don yaro kan tashi da zazzaɓi ranar da bai yi shawara da kowa ba. Na tsakiya akwai akwati, akwai zaɓen kujera, ana iya sauya rana. Na sama kuwa ban bari ta ƙarasa ba, na ce wannan na masu kwanciya ne. Ta kuma ce in ɗauki jirgin da ke tafiya kai tsaye ko da ya ɗan fi tsada, da in riƙa jan yarinya da jaka a filin jirgin da ban san kowa ba.

Sai muka zo kan kujeru, ta buɗe hoton cikin jirgin, layi-layi kamar ajin makaranta. Na nuna layin gaba mai fili, inda na ji ana maƙala wa jarirai ɗan gado a bango. Ta ɗaga Ƙiriniya ta jinjina ta, ta yi dariya ta ce wannan ta wuce gadon tuni, kuma hannun kujerun layin ba ya ɗaguwa, ga shi dole a ɗauke jakar ƙafa a kai sama lokacin tashi da sauka, da ruwan da biskit ɗin da komai. Layin ƙofar gaggawa ba a ba mai yaro. Can baya kusa da bayan gida akwai sauƙin canza mata, amma mutane ba sa daina tsayuwa a kanka. Ta ce gefen hanya ya fi sauƙin tashi, sai dai keken abinci yana bugun ƙafar yaron da ya miƙe. Ina ta gyaɗa kai kamar mai fahimta, sai ta tambayi ranar haihuwar yarinyar. Da na faɗa mata ta ƙirga a yatsa, ta ce ai ina da zaɓi: muddin ba ta cika shekara biyu ba ranar tafiya, an yarda in riƙe ta a cinya, kuɗinta kaɗan ne, kuma za a ba ni wani ɗan bel da ake zurawa a cikin nawa a ɗaura mata. In ta cika biyu ko da kwana ɗaya, to dole ta zauna a kujerarta. Na sa ta maimaita min maganar bel ɗin sau biyu, ta ɗauka ban gane ba ne.

Daga nan ta miƙo min takarda in cike. Akwai wurin da aka tambayi matsayina a wajen yarinyar, gida uku: uwa, uba, mai rakiya. Na daɗe da biro a hannu. Matar ta sa yatsa a hankali ta nuna min na ukun, ta ce kuma sai iyayen sun aiko da takardar amincewa mai sa hannunsu su biyu, in ba haka ba ba za a bar ni in wuce da ita ba. Wato sai kin ba ni izini a rubuce kafin in ɗauki yarinyar da ba ta yarda kowa ya wanke mata kai sai ni. Na san doka ce, kuma dokar tana da kyau. Amma a kujerar nan na ji kishinki ya taso min har ƙirji, kuma gara in kira shi da sunansa. Ina kishinki, Auta. Kin bayyana a gilashi minti goma kin yi mata waƙa, ta wuni tana neman ki a bayan wayar. In na ba ta biskit sai ta gutsura ta kai wa wayar rabi. Ni ban taɓa samun ko ɓarɓashi ba, sai dai in share na ƙasa.

Yanzu ga abin da ban so in faɗa ba. Da matar tana duba ranaku, sai ta ce jirgin ashirin da ɗaya ga wata ya fi na sha shida, wanda ke kafin ranarta, arha sosai, har in an haɗa da kujerar yarinyar bambancin ba shi da yawa. Kwana biyu ke nan bayan ranar haihuwarta. Nan take zuciyata ta shirya min komai: kin ce a saya mata kujera, ga kujera, ranar kuma ta same ta a gidana, in sa mata rigar da na riga na yanka, ruwan ɗorawa mai aljihu biyu saboda maɓallan da take tsinta a shago. Na ce wa matar ta riƙe min duka ranakun biyu zuwa jibi. A kan matakala ina saukowa na rubuta miki saƙo cewa babu wuri kafin sha tara, jirage duk sun cika. Na karanta shi sau uku. Ban aika ba, amma ban goge ba, na zo da shi gida a jaka.

Da la'asar na shimfiɗa wa maigidana lissafin, ina ta nuna masa yadda na ashirin da ɗaya ya fi hankali. Ya saurare ni har ƙarshe yana juya sukudireba a hannu, kin san shi ba ya katse mutum. Sannan ya ce, "Kuɗin kike tausayi, ko ranar kike so?" Na ce masa ya je ya ƙarasa kashe fankarsa. Umma da ke jin mu daga ɗaki ba ta goyi bayan kowa ba, sai ta ɗauko wani tsohon zance. Ta ce ko na tuna tafiyarki ta farko a mota, lokacin da muka je ganin Kaka, ita tana riƙe da kaya, aka ɗora min ke a cinya ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Ta ce da muka isa ƙafata ta mutu har na kasa sauka, amma da Kawu ya miƙo hannu zai karɓe ki sai na juya masa baya. Na tuna sarai. Na kuma tuna cewa ana sauke ki kika rarrafa wajen Umma ba ki ko waiwaye ni ba, na yi fushi da ke wuni guda kina 'yar wata tara. Ashe halin nan tsoho ne, ba Ƙiriniya ce ta koya min ba.

Washegari a shago ta zo kamar kullum ta dafa gwiwata ta ce Inna ɗauka. Na ɗora ta, na ci gaba da taka keke, kafin in gama ɗinkin gefe ɗaya ta yi barci, kanta a ƙarƙashin haɓata. Ƙafafunta yanzu har sun kusa taɓa fedar. Na dube su na gane cewa ko ba dokar jirgi, cinyar nan ta kusa yi mata kaɗan. Sai na tambayi kaina me zan ce miki in kika kira ranar sha tara kina kallonta a gilashi cikin rigar ɗorawa, kin yi rashin ranar haihuwarta ta farko, kin yi rashin ta biyu, wannan karon kuma da ƙaryata. Na ciro wayar da hannu ɗaya na goge saƙon.

Don haka ga abin da na yi jiya. Na ɗauki jirgin sha shida ga wata, mai tafiya kai tsaye, tikiti na tsakiya. Zai tashi da hantsi, ya haɗa da lokacin barcinta na rana. Na zaɓi gefen taga a layi na ashirin da biyu, inda hannun kujera ke ɗaguwa, don ta samu abin kallo kuma keken abinci ya bar mata ƙafa. Za ki same ta kwana uku kafin ranarta. Rigar tana cikin akwati, ke za ki sa mata, ke za ki ɗauki hoto. In an tambayi wanda ya ɗinka dai ki faɗi gaskiya. Amma kujerar da kika ce ban saya ba, kuma ina roƙonki kada ki kira ofishin ki saya a bayan idona, na san ki da wayo. Na tambayi matar ko akwai haɗari, ta ce an yarda da shi, bel ɗin yana nan, kuma ma'aikatan jirgin za su nuna min yadda ake ɗaurawa. Kuɗin kujerar da kika aiko zan kawo miki a hannu. Ki hanzarta da takardar amincewar, ku sa hannu ku biyu.

Kafin in tashi matar ta tambaye ni wace kujera nake so a dawowa. Sai a lokacin na lura da takardar: a tafiya an rubuta sunana da na yarinya a ƙarƙashinsa, a dawowa sunana ne kawai. Na ce ta ba ni ko'ina, in dai ba kusa da layin masu jarirai ba ne. Ta ba ni can tsakiya a gefen hanya.

Na san abin da zai faru a awa bakwai ɗin nan. Za ta tattaka ni, za ta zubar min da ruwa a zane, za ta ja gashin mutumin gaba in yi ta ba da haƙuri, ƙafata za ta mutu kamar wancan karon. Na kuma san muna fitowa za ta hango ki ta zame daga hannuna ba waiwaye, kuma haka ya kamata. Abu ɗaya nake so: kada ki miƙo hannu, ki durƙusa ki bar ta ta sauka da kanta. Daga ranar kujeru duk naki ne, ki saya mata na taga har ta girma. Ni dai na bar miki ranar haihuwa, ki bar min cinyar, kuma kada ki sake ce min don kada in gaji. Gajiyar nan ita kaɗai ta rage min.

Umma tana gaishe ki, ta ce ki rage tsayuwa a wajen aiki. Maigidana yana gaida Baban Ƙiriniya, ya ce in akwai abin da ya lalace a gidanku a ajiye masa, ni kuma na ce ku ɓoye. Kawu da Goggo suna sa albarka. Ki gaida maƙwabciyar nan taki da ta ba ku gadon yara, ki ce mata yarinyar ba ta barci sai an ɗan jijjiga ƙafa. Ƙiriniya ta sa hannu a ƙasan takardar, wannan jan layin da ya keta sunana nata ne. Allah ya kawo mu lafiya, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taki har kullum,
Yayarki, Innar Ƙiriniya