Muryar Mijinta Na Ƙarewa a Ɗakina

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a ɓoye sunana, ko da yake a Daura in aka ce nas mai garmaho an gama faɗin ko wace ce, amma dai a ɓoye ɗin. Don Allah ku ba ni shawara. Kuma tun kafin mu yi nisa, masu cewa Hajiya ki yi aure kawai ku huta, na yi har sau biyu, na san daɗinsa na san ɗacinsa, ba shi ya kawo ni ba.

Ni ma'aikaciyar lafiya ce, na kusa hamsin, ina zaune ni kaɗai. Ɗana guda ɗaya ne, yana aiki can kudu, sai dai a waya. Da aka zo rabon gadon mahaifinmu yayyena suka ture min garmahonsa, tsohon abin kunna waƙa, da kwali ɗaya na faya-fayai, wai tarkace ne, in ban so a ba 'yan gwangwan. Na ɗauka don kunya, ashe abin da zai riƙe ni ke nan. Aikinmu na rigakafi yana kai ni ƙauyukan Sandamu da Baure har Kongolam, kuma ni mace ce, ina shiga inda maza masu neman kayan da ba sa shiga. A ɗakin tsofaffi faya-fayan nan suke, wani a ƙasan adaka, wani an kafe shi da ƙusa a bango tsakanin kwanukan jere, wani ma an mai da shi murfin tulu. Na wajen iyaka har da masu rubutun Faransanci. In na gama ɗiga wa yara magani sai in tambaya, wata ta sayar min, wata ta ba ni tana dariya. In zo gida in wanke da ruwan sabulu da auduga, in jera su a tsaye can ƙuryar ɗaki, don zafin garin nan lanƙwasa su yake yi. Yanzu sun cika min kabad biyu.

Sai dai a duk shekarun nan ban taɓa samun wanda ya zauna ya saurara tare da ni ba. Abokan aiki su ce me za a ji a wannan shaa-shaa ɗin ga waya a hannu. Maƙwabciyata kuwa cewa ta yi muryoyin matattu nake tarawa, in yi hankali. Sai in dawo daga aiki in ci abinci a tsaye, in sa faifai, in ya ƙare in juya shi, babu wanda zan kalla in ce kin ji wannan wurin. Wallahi kaɗaici ciwo ne, ni da nake aikin asibiti ban san maganinsa ba.

Bara a wani ƙauye bayan Baure na haɗu da wata tsohuwa mai daddawa, zan kira ta Inna a nan. Da ta ji abin da nake tambaya sai ta shiga ɗaki ta daɗe, ta fito da ƙaramin faifai a naɗe cikin tsohon zani. Mijinta marigayi ɗan amshin wani mai kukuma ne, sau ɗaya tak aka ɗauke su a faifai, sunansa ma babu a jiki. Abin kunnawarsu ya lalace tun yaranta na ƙanana, shi kuma ya rasu tuni, ko hotonsa ba ta da shi. Na taya, ta ƙi sayarwa.

Ta ce, "'Yar nan, ba na sayarwa ba ne. In kina da abin da ke sa shi magana ki tafi da shi, ni zan zo in ji."

Na ɗauka maganar tsofaffi ce. Ranar kasuwa sai ga sallama a ƙofar gidana, ta tambayo gidan tun daga asibiti, da ƙullin daddawa a hannu. Na shimfiɗa mata tabarma na sa faifan. Cikin amshi ba ka bambance muryar kowa, amma wajen tsakiyar waƙar mai kukuman yana yin wani zambo, sai wani daga baya shi kaɗai ya ce "Gaskiyarka, maigida," ya yi 'yar dariya. Inna ta ɗaga hannu ta ce shi ne. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Ta ce in mayar da allurar wurin, na mayar, ta ce in sake.

Tun daga ranar kusan duk kasuwa sai ta zo. In ta sayar da daddawarta ta wuto gidana, in dama mana kunun tsamiya, mu ji nata, sannan ta ce to sa mana naki. Ta san waƙoƙin da ni ban san ma'anarsu ba, ta gaya min wannan ta biki ce, wannan ta noma ce, wannan habaici ake yi wa wani mai rowa. Tana tsokanata wai ina goge faifai kamar mai yi wa jariri wanka, in ce mata ai ita ce ta naɗe nata a zani kamar amarya. Har canjin aiki nake roƙa don ranar ta same ni a gida. Kar ku yi min dariya, tun ana jibi kasuwa nake fara sharar tsakar gida.

To ga inda matsalar take. Allurar garmahona ta tsufa, na nemi sabuwa har Kano ban samu irinta ba, kuma allura in ta dakushe cin faifai take yi. Wurin da muke ta maimaitawa shi ya fi cinyewa. Da, dariyar tana fita tas, yanzu sai ka kasa kunne cikin ƙara. Da na lura sai na rufe tagogi wata rana na ɗauki waƙar a wayata, na kai aka tura min a memori, na sayi ƙaramin rediyo mai caji irin na tsofaffi na sa a ciki. Ya fita da kyau, dariyar na nan. Niyyata in ba ta ranar da ta zo. Ta zo, muka sha kunu, na raka ta tasha, ban ba ta ba. Wata kasuwar ma haka. Rediyon ya kwana biyu a ƙasan kabad ɗina, don na san in ta samu muryarsa a ɗakinta babu abin da zai sa ta ƙara tako doguwar hanyar nan zuwa gidana.

Na gaya wa wata abokiyar aikina, ta wanke ni tas. Ta ce son kai ne, ina riƙe tsohuwa da muryar mijinta kamar mai riƙe akuya da dusa, ga ta da ciwon gwiwa ga hanyar damina. Na ce mata ita da ke komawa gida yara su yi mata caa ba za ta gane ba, kuma ai ban ɗaure Inna ba, da ƙafarta take zuwa. Muka rabu ba daɗi, har yau gaisuwa ce kawai tsakaninmu. Haushin da na ji na wanda aka gaya wa gaskiya ne, na sani.

Sai kuma babban ɗan Inna ya kira ni a waya. Bai yi min rashin kunya ba, amma ya ce wancan zuwan ta zame wajen saukowa daga mota, ta kwana tana gasa ƙafa, ta kuma hana a gaya min. Ya ce da ma jikokinta ke kai mata daddawar kasuwa, saboda faifan nan ne ta koma zuwa da kanta. Ya roƙe ni in akwai dabarar da za a yi ta riƙa ji a gida, a yi. Na ce masa zan duba. Ina wannan maganar ina kallon kabad ɗin.

Zuwanta na ƙarshe shi ya fi tsaya min a rai. Na sa mata wurin, ta matso da kunnenta har jikin sifika, na sake sa mata.

Ta ce, "Yau kamar mura yake yi. Ko dai kunnena ne ya fara tafiya?"

Na ce mata ƙarar fanka ce. Ba fanka ba ce, ni ce. In muka ci gaba a haka, nan gaba kaɗan wurin zai shafe, ta zo ta tarar da shaa-shaa kawai, alhali amana ta ba ni.

Na yi tunanin in ba ta rediyon in riƙa zuwa ƙauyen da kaina, amma can gidan taro ne, surukai da jikoki, a matsayin baƙuwa za a karɓe ni a kawo min ruwa, zaman nan namu na mu biyu ba zai samu ba. Na yi tunanin in ba ta in roƙe ta ta riƙa leƙo ni ko sau ɗaya a wata, sai in ji nauyi, wace ce ni da zan ɗora wa tsohuwa wahalar mota don in samu abokiyar hira? Kuma tsorona na gaskiya shi ne in gano cewa da ma ba don ni take zuwa ba.

To 'yan uwa ku gaya min. In ba ta rediyon in yi shiru, ko in gaya mata tun yaushe yake hannuna da dalilin da ya sa na ɓoye? Wanda ya taɓa zama a gidan da babu mai yi masa sallama shi na fi so ya amsa min. Jibi kasuwa, na fito da rediyon na yi masa caji, na kuma jiƙa tsamiyar kunu ta mutum biyu.