Gwiwoyinka, Abban Bilal

Assalamu alaikum, Abban Bilal. Ina gaishe ka, da fatan kana cikin rahamar Ubangiji.

Sai ranar sadakar bakwai ɗinka na san abin da ya sami gwiwoyinka. Ƙanwarka Maureen, da ta zo ta'aziyya daga Ireland ta Arewa, tana taya ni wanke-wanke a gidanmu na unguwar Taman Melati, ta ga kujerar robar da kake salla a kai. Na ce mata ai tun da ka faɗo daga tsani kana yaro ba ka iya durƙusawa. Ta kashe famfo, ta daɗe tana kallona.

Ashe ba tsani ba ne. Kana saurayi, 'yan bindigar unguwarku masu rufe fuska, waɗanda ke cewa kare ku suke yi, suka yanke maka hukunci saboda motar wani da kuka ɗauke da abokanka. Suka aiko da wuri da lokaci. Mahaifinka da kansa ya raka ka lungun, don in bai kai ka ba abin zai fi haka muni. Ya tsaya a bakin titi yana jin harbin da suka yi maka a gwiwoyi.

Ni kuwa shekara da shekaru ina tsokanarka a matakalar tashar jirgin ƙasa ta LRT, ina ce maka tsoho. Sai ka yi dariya ka ce, "Wuce gaba, Hajiya, ina tafe."

Maureen ta ce wasu daga cikin mutanen nan yanzu manya ne, suna neman ƙuri'a. Idan ta haɗu da ɗayansu a kanti, gaisawa suke yi.

Abin da ya fi ba ni kunya rigar Bilal ce. Ya gan ta a intanet, da hoton mutum mai rufaffiyar fuska riƙe da bindiga, ya ce jaruman ƙasar babansa ne. Ni na saya masa, ina murna yana son asalinka. Ranar da ya fara sa ta ka tashi ka bar abincinka, na ɗauka yaji ne ya yi yawa.

Yanzu kusan kullum ita yake sawa, wai don tunawa da kai. Ni nake wanke ta, ni nake shanya ta. In na buɗe baki sai in tuna kai ka zaɓi yin shiru, ban sani ba ko amana ce ka bar min.

Allah ya jiƙanka, mijina, ya haskaka kabarinka, ya ba ka ƙafafun da ba sa ciwo a Aljanna.

Taka har kullum,
Maman Bilal.

Har yau ban faɗa wa Bilal ba.